A Riƙa Yi Wa Masu Faɗuwar Gaba Bayani, Kada A Tsaya Ga "Lafiyarka Ƙalau"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata larura da na yi kusan shekara biyu ina fama da ita, wadda kuma na tabbata akwai masu karanta wannan jarida da yawa da ke cikinta a yanzu, amma sun yi gum saboda kunya ko saboda sun gaji da a ce musu raki ne ya yi musu yawa. Larurar ita ce zuciya ta riƙa bugawa da sauri da ƙarfi alhali mutum bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba, fargaba da firgici ne kaɗai suka tayar da ita. Ni ba likita ba ne, ranka ya daɗe. Abin da zan faɗa na samo shi ne daga jikina, da bakin likitocin da suka duba ni, da kuma karatun da dole ta sa na yi a dararen da barci ya ƙi zuwa.

Karon farko da abin ya same ni ina zaune ne da dare, na gama aikina, babu wanda ya ɓata min rai, kuma ban ji wani mugun labari ba. Sai kawai na ji gabana ya yanke ya faɗi, ƙirjina ya shiga lugude kamar ana daka a cikinsa. Kafin in ankara gumi ya jiƙa min riga, yatsuna da leɓɓana suka fara yi min kamar ana tsira musu ƙananan allurai, ina jan numfashi amma ba ya isa ta. Na ɗora yatsa a wuyan hannuna ina kallon agogo, na ƙirga bugu 132 a minti ɗaya. A wannan lokacin ko rantsuwa aka yi min ba zan yarda zan ga wayewar gari ba. Aka garzaya da ni asibiti, kuma tun muna kan hanya abin ya fara lafawa. Aka manna min wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana takardarta, aka ɗibi jini, aka auna hawan jini. Likitan da ke aiki a daren, wanda marasa lafiya suka yi wa yawa, ya dubi takardun ya ce, "Malam, lafiyarka ƙalau, damuwa ce kawai. Ka je gida ka huta." Ba na zarginsa, domin gaskiya ya faɗa min, kuma akwai waɗanda suka fi ni buƙatarsa a kan layi. Sai dai wannan gajeriyar amsa ta ci min fiye da shekara guda.

Dalili kuwa shi ne na fito daga asibitin da tambayar da ba wanda ya amsa min: idan lafiyata ƙalau, me ya sa zuciyata ta yi bugu 132 ina zaune? Da ban sami mai ba ni amsa ba sai na ba kaina, na yanke cewa lallai akwai ciwon da na'urar ba ta gani ba, tunda an yi gwajin ne bayan abin ya wuce. Daga ranar na zama mai gadin zuciyata. Da na farka yatsana na kan wuyana, ina cikin magana da mutane yatsana na kan wuyan hannuna a ƙarƙashin tebur. Na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ina duba ta sau talatin ko fiye a yini. Na daina hawa bene, na daina tafiya da sauri, na daina kwanciya ta ɓangaren hagu saboda a nan na fi jin bugun, na daina fita ni kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk da wannan taka-tsantsan, abin ƙaruwa ya yi, daga sau ɗaya a wata ya koma sau biyu ko uku a mako, har yakan tashe ni daga barci.

Abin da ya kamata a gaya min tun daren farko bai fi bayanin minti biyar ba. Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana zaune yana hutawa, tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta da ke saman ɓangarenta na dama shi ke sakin lantarkin da ke tayar da kowane bugu. Wannan ƙulli yana karɓar umarni daga jijiyoyi iri biyu, masu cewa a ƙara sauri da masu cewa a sassauta. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika wa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙodoji su saki sinadarin adrenalin a cikin jini, nan take zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, numfashi ya ƙaru, jini ya karkata daga ciki da fata zuwa manyan tsokoki, gumi ya keto domin sanyaya jiki. Wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard mai suna Walter Cannon ya bayyana wannan tsari a 1915, ya nuna cewa jiki na yin haka ne domin ya shirya wa ɗayan biyu, ko a tsaya a yi faɗa ko a ranta a na kare. Da a ce ɓarawo ne ya shigo min ɗaki a daren nan, da zuciyata ta yi 132 ɗin nan kuma da ban ko lura ba, domin hankalina na kan ɓarawon. Matsalar mai firgici ita ce an busa ƙaho babu maharin da ido zai kalla, sai hankali ya juya ciki, ya ɗauki ƙarar ƙahon a matsayin haɗarin.

Larurar kuma ba sabuwa ba ce. A 1871 wani likita a birnin Filadelfiya, Jacob Da Costa, ya rubuta bayani a kan sojojin yaƙin basasar Amurka da yawa da suke kukan saurin bugun zuciya, da ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da jiri, alhali ba a sami wata illa a jikin zuciyar tasu ba. An daɗe ana sauya wa abin suna, sai a 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ciwon firgici a matsayin larura mai zaman kanta a kundinta na rarrabe cututtuka. Na kawo wannan ne saboda masu cewa ragwantar mutanen zamani ce. Mutumin da ya tsaya a gaban harsashi ba za a kira shi matsoraci ba, kuma ga shi abin bai bar shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke rayuwa da ɗaya daga cikin cututtukan fargaba, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma kusan mutum ɗaya ne kacal cikin huɗu yake samun magani.

Bayanin da ya fi yi min amfani shi ne na wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Oxford, David Clark, wanda a 1986 ya fayyace yadda firgici ke ciyar da kansa. Mutum zai ji wani ɗan sauyi a jikinsa, wataƙila zuciya ta ɗan yi tsalle ko ya miƙe tsaye da sauri ya ji jiri. Sai ya fassara shi da mafi munin fassara, ya ce a ransa zuciyata za ta tsaya. Wannan fassara ita kanta haɗari ce a wurin ƙwaƙwalwa, don haka sai a ƙara sakin adrenalin, zuciya ta ƙara sauri, shi kuma ya ga hujjar da ta tabbatar masa da zatonsa, tsoro ya ninku. Cikin mintuna kaɗan ɗan tsallen da bai kai komai ba ya zama tashin hankalin da ke kai mutum asibiti. Da na karanta wannan sai na ga kamar a kaina aka rubuta shi. Na kuma fahimci abin da 'yar na'urata ke yi min: duk sanda na maƙala ta a yatsa, da tsoro nake maƙalawa, tsoron kuwa yana ɗaga lambar da nake jira in gani, in ta nuna 98 sai in sake dubawa, ta nuna 105, daga nan kuma sai abin da hali ya yi.

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce duk saurin bugun zuciya fargaba ce, ya zauna a gida. Ba haka nake nufi ba ko kaɗan. Ƙarancin jini yana sa zuciya sauri, haka zazzaɓi, da ƙarancin ruwa a jiki, da faɗuwar sukari, da juna biyu, da yawan aikin tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya. Maganin asma na shaƙawa irin su salbutamol da wasu magungunan mura ma suna yin haka. Akwai kuma larurorin lantarkin zuciyar kanta. Ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SVT, tana sa zuciya ta tashi farat ɗaya zuwa bugu 150 ko 200 ko fiye, ta kuma dawo farat ɗaya kamar an kashe makunni, kuma an sha ɗaukar masu ita a matsayin masu firgici na tsawon shekaru, tunda ita ma tana zuwa da tsoro. Bambancin da likitata ta nuna min shi ne bugun firgici yakan hau a hankali ya sauko a hankali. Saboda haka matakin farko ga kowa shi ne ya je a duba shi da kyau: gwajin lantarkin zuciya na ECG, gwajin jini na ƙarancin jini da na tayirod, kuma idan abin yana zuwa yana wucewa, a ɗaura masa na'urar Holter wadda ke naɗar bugun zuciya na awa 24 ko 48 yana cikin harkokinsa. Wanda kuwa saurin bugun ya zo masa da suma, ko ciwo mai danne ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko bugu mai hargitsi marar tsari, ko abin yana tasowa ne a tsakiyar motsa jiki, ko akwai wani a danginsa da ya mutu farat ɗaya yana da ƙuruciya, wannan ya nufi asibiti nan take, kada ya tsaya lissafin numfashi. Haka ma mai yawan shekaru, ko mai hawan jini ko ciwon sukari, da abin ya fara masa a karon farko.

Amma idan an yi waɗannan gwaje-gwaje an ce zuciya lafiya take, to aiki na biyu ya fara, kuma shi ya fi wuya, wato mutum ya yarda da sakamakon. Ni sai da na zaga asibiti uku, aka yi min ECG sau biyar, kowanne na kwantar min da hankali na kwana biyu ko uku sannan shakka ta dawo. A wurin likita ta huɗu al'amarin ya juya. Ta karanta duk takarduna ɗaya bayan ɗaya, har da na Holter, wanda ya kama ɗaya daga cikin firgicin nawa da misalin ƙarfe biyun dare, ta nuna min layin da alƙalami ta ce bugu ne mai tsari, sauri kawai ya yi. Sannan ta miƙe ta ce, "Malam, taso mu je." Ta kai ni gindin matakalar bene, ta ce in hau hawa biyu in sauko, in sake hawa in sauko. Na ce mata rabona da hawa bene wata takwas. Ta ce ta sani, tana tsaye a nan. Na hau gwiwoyina na karkarwa, na sauko ina haki, ta maƙala min na'ura a yatsa.

"Nawa ka ce ta kai a daren farko?"

Na ce 132.

"Yanzu fa?"

Na duba na ga 141.

"To, kana jin mutuwa za ka yi?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa sai dariya ta ƙwace min, rabon da in yi irinta har na manta. Ta zaunar da ni a kan benci muka zuba wa lambar ido tana sauka da kanta, 128, 114, 99, ba tare da na sha komai ko na yi wata dabara ba. Ta ce min zuciyar mai shekaru irin nawa an gina ta ne ta iya wuce haka nesa, domin ƙiyasin da aka saba yi na iyakar saurinta shi ne a cire shekarun mutum daga 220, kuma masu wasan motsa jiki suna riƙe ta a sama da 150 na tsawon lokaci da gangan domin su ƙara mata ƙarfi. A zama na gaba ta sa na yi numfashi da sauri da zurfi na minti ɗaya ina zaune a kujera. Sai ga allurai sun dawo yatsuna da leɓɓana, ga jiri, ga ɗaki yana yi min nisa. Ta bayyana min cewa yawan numfashi yana fitar da iskar kabon dayokside daga jini fiye da kima, hakan yana ɗan matse hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa yana kuma tsokanar jijiyoyi, shi ya sa ake jin waɗannan alamu. Wato abin da na yi wata da watanni ina ɗauka alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ni nake jawo shi da bakina, kuma zan iya jawo shi duk sanda na ga dama.

Ga abin da nake yi yanzu idan ya taso, domin har yau yakan leƙo jefi-jefi. Da farko ina kiran sa da sunansa a zuciyata, in ce firgici ne, adrenalin ne, zai kai ƙololuwarsa cikin kimanin minti goma sannan ya sauka, domin jiki ba ya iya riƙe wannan shiri har abada. Ba na tashi in gudu daga inda nake, saboda duk sanda na gudu ƙwaƙwalwata takan rubuta cewa gudun ne ya cece ni, gobe kuma wurin ya zama abin tsoro. Sai in sassauta numfashi, in ja ta hanci a hankali ina ƙirga huɗu, in bar ciki ya taso maimakon kafaɗu, in fitar a hankali ina ƙirga shida, wanda ke ba da numfashi kamar shida a minti. Sirrin yana wajen fitarwa, domin a lokacin fitar da numfashi ne jijiyar da likitoci ke kira vagus take taka wa zuciya birki, kuma kowa zai iya gwadawa ya ji bugunsa yana ɗan ƙaruwa idan ya ja iska, yana ɗan raguwa idan ya saki. Shawarar nan da masu fatan alheri kan bayar ta cewa a yi ta jan dogon numfashi tana iya ƙara dagula lamarin, tunda mai firgici dama iskar ce ta yi masa yawa, ko da yake shi ji yake ba ta isar sa. Tsohuwar dabarar numfashi a cikin jakar takarda ma likitoci sun daina ba da ita, saboda idan aka yi rashin sa'a asma ce ko ciwon zuciya na gaske, rage iskar oksijin zai cutar.

Ruwan sanyi a fuska yana taimakawa, kuma akwai dalili: sanyi a kewayen idanu da goshi yana tayar da wata ɗabi'a ta jiki, irin wadda ke faruwa idan mutum ya nutse a ruwa, wadda ke rage saurin zuciya. Mayar da hankali waje ma yana da amfani, mutum ya ƙirga abubuwan da ke gabansa, ko ya saurari maganar da ake yi, ko ya ci gaba da aikin da ke hannunsa ko da a hankali. Sai dai akwai tarko a cikin duk waɗannan dabaru, kuma na faɗa cikinsa. Na ɗauki numfashin a matsayin igiyar ceto, ina yin sa da ƙarfin tsiya ina duba ko zuciyar ta sauka, in ba ta sauka ba cikin minti ɗaya sai in ce dabara ta ƙi, lallai wannan karon na gaske ne. Sai da na gane cewa ana yin numfashin ne domin a sami sauƙin jira, kuma ko ban yi komai ba abin zai wuce, sannan ya fara yi min aiki. A ganina wannan ne wurin da yawancin shawarwarin da ake yaɗawa suke gazawa, suna koya wa mutum yadda zai yaƙi bugun, alhali yaƙin ne ke tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa akwai abokin gaba.

Abin da ake yi tsakanin firgici da firgici ya fi abin da ake yi a cikinsa muhimmanci. Na rage duba bugun daga sau talatin zuwa sau uku a yini, daga nan zuwa sau ɗaya, daga nan na mayar da na'urar kwalinta, kuma makon farko na wannan ya yi min wuya ƙwarai. Na koma hawa bene da tafiya mai sauri da gangan, domin in saba da jin zuciyata tana gudu ba tare da na firgita ba, har na kai minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Na rage sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari, bayan na gane cewa rabin abin da mutum ya sha yana nan a jininsa bayan kimanin awa biyar, don haka kofin yamma yana tare da shi a kan gado. Sigari ma yana ƙara saurin zuciya duk da cewa masu shan sa sun ɗauka kwantar musu da hankali yake yi, kuma ƙarancin barci yana sa jiki ya zama kamar busasshiyar ciyawa mai jiran ashana. Sannan na dubi rayuwata na yarda cewa ko da yake a daren farko babu abin da ya ɓata min rai, watanni shidan da suka gabace shi cike suke da bashi da rashin lafiyar mahaifiyata da aikin da ba ya ƙarewa. Jiki magayi ne, ya yi ta ɗauka yana shiru, sai da na zauna hutawa ya kawo kukansa.

Game da magani, ingantacciyar hanya ita ce wadda ake kira CBT, wato zama da ƙwararre ana tattaunawa ana gyara fassarar da mutum ke yi wa alamun jikinsa, ana kuma sa shi ya fuskance su a aikace kamar yadda aka yi min a matakalar bene. Yawanci zama ne na 'yan makonni zuwa 'yan watanni. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da escitalopram da likita kan rubuta, waɗanda ba sa aiki nan take, sai bayan makonni, kuma a kwanakin farko suna iya ɗan ƙara fargabar, abin da ke sa mutane da yawa su watsar da su idan ba a gargaɗe su ba. Ba a kuma dakatar da su farat ɗaya ba tare da shawarar likita ba. Propranolol, wanda James Black ya ƙirƙiro, aikin da yake cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1988, yana toshe tasirin adrenalin a kan zuciya, saboda haka yana rage sauri da karkarwa, amma ba ya taɓa tsoron da ke ƙwaƙwalwa, kuma haɗari ne ga mai asma. Waɗanda na fi jin tsoro su ne diazepam da alprazolam da danginsu. Suna kwantar da mutum cikin ɗan lokaci, shi ya sa suke da daɗin sha'ani, amma cikin 'yan makonni jiki yana iya sabawa da su har ya kasa rabuwa, kuma ranar da aka rasa su fargabar da ke biyowa ta fi ta farko. Wanda ya fara shan su da kansa don wani ya ce sun yi masa aiki, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Ina da 'yar magana ga iyalai da abokan masu wannan larura. Cewa "ka cire abin a ranka" ba ya cire komai, sai dai ya ƙara wa mutum jin cewa laifinsa ne. Haka kuma ruɗewa da kururuwa da taruwa a kansa ana yi masa fifita suna gaya masa cewa ku ma kun ga mutuwa. Matata ce ta gano daidai, bayan ta raka ni wurin likitar: takan zauna kusa da ni ta ce, "Irin na rannan ne, ina nan, bari mu jira shi ya wuce," sannan ta riƙa yin numfashi a hankali yadda zan ji in bi ta. Ta kuma daina amsa min idan na tambaye ta sau goma ko tana ganin zuciyata lafiya take, ta ce likita ya riga ya amsa wannan. Na ji haushinta a lokacin, kuma ita ce da gaskiya, domin neman tabbaci a kai a kai ɗan'uwan duba bugun ne. Masu tsoron suma kuma su sani cewa suma na zuwa ne idan hawan jini ya faɗi, a firgici kuwa yawanci ɗan hawa yake yi, shi ya sa da wuya a ga mai firgici ya sume duk da yana jin kamar zai faɗi.

Babban roƙona, ranka ya daɗe, yana ga likitoci da ma'aikatan jinya, musamman na sashen gaggawa, inda yawancinmu muke fara zuwa. Na san aiki ya yi muku yawa kuma hannu bai isa ba. Amma idan gwaji ya nuna zuciya lafiya take, don Allah kada a sallami mutum da "babu abin da ke damunka," domin akwai abin da ke damun sa, yana da suna, an san yadda yake aiki, kuma yana jin magani. A gaya masa sunan, a gaya masa dalilin da zuciyarsa ta yi sauri da dalilin da yatsunsa suka yi masa haka, a gaya masa mai yiwuwa ya dawo kuma dawowarsa ba ta nufin gwajin ya yi kuskure, a faɗa masa alamun da idan ya gani zai dawo da gaggawa, sannan a tura shi inda zai sami mai zama da shi. Waɗannan mintuna biyar za su rage muku ganin mutum ɗaya sau biyar a tsakar dare. Ina kuma roƙon wannan jarida ta gayyato likitan zuciya da likitan ƙwaƙwalwa su yi rubutu tare a shafin lafiya a kan wannan batu, da harshen da kowa zai gane, su kuma gyara min duk inda na yi kuskure a abin da na faɗa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum